Kaso, ppm da mol: a ina lissafin ya taɓa yi muku gardama?

Malamin kimiyya, Zariya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Bara muna shirin jarrabawar gwaji ta WAEC, aka ce in haɗa lita ɗaya ta asid ɗin HCl mai mol 0.1 a lita (mol ma'auni ne na yawan ƙwayoyin sinadari). A jikin kwalbar an rubuta 37%. Na ɗauka gram 37 ne a mililita 100, na auni kusan mililita 10. Da yara suka fara gwaji, duk amsoshinsu suka kauce. Ashe kason na nauyi ne, gram 37 a cikin gram 100, kuma lita ɗaya ta wannan asid nauyinta gram 1,190 ne. Ke nan akwai gram 440 na HCl a ciki, a raba da 36.5, wato nauyin mol ɗaya na HCl a gram, ya ba da mol 12 a lita. Mililita 8.3 kacal nake buƙata. Har yau abin yana ci mini rai, don yaran ba su da laifi.

Ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam Malam. Mu namu a kan bilic ne. Lokacin kwalara muna haɗa ruwan kulorin iri biyu: 0.5% na wanke ƙasa da kaya, 0.05% na wanke hannu. Jik ɗin da muke samu 3.5% ne, sai mu raba 3.5 da 0.5, mu cire ɗaya, ya zama kofi ɗaya na Jik, shida na ruwa. Wata rana wata sabuwar ma'aikaciya ta zuba na 0.5% a bokitin wanke hannu. Kafin yamma hannuwanmu duk sun yi ja suna zafi. Sifili ɗaya ne ya ɓace mata, wallahi.

Mai gidan ruwan leda: Anti, ki riƙe wannan: ppm na nufin kashi ɗaya cikin miliyan, don haka 1% daidai yake da ppm 10,000. Na wanke hannunku ppm 500 ne. A ruwa kuwa ppm ɗaya miligram ɗaya ne a lita.

Ɗan Maraɗi: Ni a kan sukarin mahaifiyata na gamu da shi. A wurinmu takardar gwaji gram a lita take rubutawa, tata ta nuna 1.26. Da muka kai ta Katsina, likita yana maganar 7, na'urar gida kuma tana nuna 126. Hajiya ta tsorata, ta ce ciwon ya ninka. Sai likitan ya ce mata: «Hajiya, ki kwantar da hankalinki, duk abu ɗaya ne.» Gram 1.26 a lita shi ne miligram 126 a desilita (mililita 100), a raba da 18 ya koma 7, wato milimol 7 a lita.

Malamin kimiyya, Zariya: Allah ya ba Hajiya lafiya. Wannan 18 ɗin daga nauyin gulukos ya fito, gram 180 a mol ɗaya, don haka kada ka yi amfani da shi a gwajin kolestarol ko na ƙoda.