Waɗanda suka nemi aikin gwamnati a cikinmu masu nakasa, me kuka tarar?

Mai Keke, Kano: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun Janairun 2019 da Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna mana wariya ake cewa muna da kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Ni shan inna ce ta kama ni ina ƙarami. Na yi digiri, na yi bautar ƙasa, sau ɗaya aka taɓa kirana intabiyu, a hawa na uku, ba lif. Masu gadi biyu ne suka ɗauke ni har da keken. Kafin in buɗe baki na ga tausayi a idon masu tambayar, nan na san ba aiki za su ba ni ba. Dokar ta ba da shekara 5 a gyara gine-gine, wa'adin ya cika tun Janairun 2024, amma benen nan yana nan yadda na bar shi. Don Allah kowa ya faɗi abin da ya gani da kansa.

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam ƙanena. Ni makaho ne, kuma an ɗauke ni aiki, shekarata 6 ke nan a ciki. Amma ka ji abin da ya fi neman aikin ciwo. Ranar da na kai takardar kama aiki, shugaban sashenmu ya kama hannuna da fara'a ya ce, Malam, ka yi zamanka a gida, albashinka zai riƙa shiga. A ganinsa alheri ya yi mini. Wallahi daren nan ban runtsa ba. Na bar gidanmu ina yaro na tafi Gindiri na koyi rubutun makafi, na sha wuya a jami'a abokai na karanta mini littattafai, duk don a ba ni sadaka duk wata? Washegari na koma da kwamfutata mai karanta rubutu da murya, na buga masa wasiƙa a gabansa. Wata 3 ina zuwa ina zama a benci kafin su ba ni tebur. Yanzu rabin wasiƙun sashen ni ke tsara su. Wanda ya yarda ya zauna a gida, ranar ƙarin girma ba mai tuna sunansa.

Maman Biyu: Gaskiya ne Malam. Ni kurma ce. Ranar intabiyu na roƙi a kawo mai fassara da yaren hannu, ba a kawo ba. Na nuna a rubuto mini tambayoyin a takarda, suka rubuta biyu suka gaji.

Tsohon Akawu: Sannunku 'ya'yana. Ni ba ni da nakasa, 'yata ce zabiya, kuma na daɗe a ofishin kula da ma'aikata kafin in yi ritaya. Ku karanta dokar da kyau, ta ce a cika kashi 5 ɗin gwargwadon iko. Ta wannan kafar ake zillewa. Sannan gurabe da yawa ba a tallata su, a ɗaka ake rabawa, wanda ba shi da kowa bai ma ji labari ba. Shawarata, ku nemi takardar shaidar nakasa, ku haɗa da takardunku, in an hana ku ku kai ƙorafi a rubuce ga hukumar nakasassu ta ƙasa da aka kafa a 2020. Ku riƙe kwafi mai hatimi. Baki ba ya shiga fayil.

'Yar Zariya: Baba na gode, amma bari in faɗi alheri ma. Da sanduna nake tafiya. Shugabata da ta ga yadda nake hawa bene, a makon ta sauko da ofishina ƙasa, ko kwabo ba a kashe ba. Banɗaki ne har yau matsala, shi ya sa ba na shan ruwa sai na tashi aiki.

Mai Keke, Kano: Allah ya saka da alheri. Baba, ƙorafin nan, ni kaɗai zan rubuta ko ta ƙungiyarmu ya fi ƙarfi? Malam, in ba damuwa zan turo maka ka duba mini kafin Litinin.