Yadda makiyayan New Zealand ke riƙe sinadarin naitirojin a ƙasar kiwo

Masu kiwon shanun nono a New Zealand da masana ƙasa sun yarda cewa babbar asarar naitirojin daga fitsarin shanu take fitowa. Inda saniya ta yi fitsari, naitirojin ya kan taru fiye da abin da ciyawa za ta iya sha. Naitirojin ɗin fitsarin kan zama sinadarin amoniyam, sai ƙwayoyin halittar ƙasa su mayar da shi wani sinadarin da ake kira naitiret, shi kuwa naitiret ba ya manne wa ƙasa: ruwan sama ya wanke shi zuwa rijiyoyi da koguna, wani kason ya tashi sama a matsayin iskar da ke ɗumama duniya.

Maganin da aka fi magana a kai shi ne wani sinadari mai suna DCD, wanda ke rage gudun sauyin amoniyam zuwa naitiret. Shawarar da aka bayar a da ita ce a fesa shi jim kaɗan bayan shanu sun bar fili, a lokacin sanyi da ruwa, domin a ƙasa mai ɗumi yana saurin lalacewa. Wannan batu na da muhimmanci ga duk mai sha'awar gwada shi a ƙasarmu mai zafi.

Sai dai a 2013 an dakatar da sayar da shi a New Zealand, bayan an gano ɓurɓushinsa a madarar gari. Shi ya sa da yawa suka koma ga rage sakin shanu a fili idan ƙasa ta jiƙe, da shuka ganyen da ke tsinka fitsarin shanu idan sun ci. A ganina, hanyar Indiya ta shafa man darbejiya a takin yuriya, don rage gudun wannan sauyi, ta fi kusa da mu, tunda itacen na kowace unguwa.