Farautar baƙar beyar da kwalekwalen kayak a gaɓar tekun Alaska: ta ina ake fara shiri?

Mazaunin jihar Minesota ta Amurka ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san gaɓar tekun kudancin Alaska, musamman yankin Prince William Sound. Ni da wani abokina muna shirin zuwa farautar baƙar beyar a ƙarshen watan Mayu mai zuwa, kuma niyyarmu ita ce mu tashi daga garin Whittier, kowa da kayak ɗinsa, mu riƙa bin gaɓa muna kafa tanti duk inda dare ya riske mu. Dukanmu mun saba farautar barewa a dazukan Minesota, mun kuma saba tuƙa kayak a tafkuna, amma babu wanda ya taɓa shiga ruwan gishiri da shi a cikinmu. Abin da nake so in sani shi ne ko doka ta yarda baƙo ya yi wannan farauta ba tare da ɗan jagora ba, da kuma ko irin wannan ƙaramin kwalekwale zai iya ɗauko abin da aka harbo tare da kayanmu. Allah Ya saka da alheri.

Mazaunin birnin Ankorej na jihar Alaska ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, a fara warware maganar takarda, domin ita ce za ta nuna ko tafiyar za ta yiwu yadda kuka tsara ta. Dokar farauta ta Alaska ta kasa mutane gida uku. Akwai ɗan jiha, wato wanda ya shafe wata 12 a jere yana zaune a cikinta. Akwai wanda ya zo daga wata jiha ta Amurka, kamar kai; shi yana iya farautar baƙar beyar a wannan yanki ba tare da ɗan jagora ba, amma idan babbar beyar mai ruwan ƙasa yake so, dole ya ɗauki jagora mai lasisi ko ya tafi da ɗan'uwansa na kusa wanda yake ɗan jihar. Na uku shi ne wanda ba ɗan Amurka ba ne kuma ba a Amurka yake zaune ba, wanda doka ta wajabta masa jagora a kan kowace babbar dabba. Saboda haka idan abokin naka ziyara ya zo daga wata ƙasa, shirin tafiya ku biyu kaɗai ya rushe tun daga nan.

Wurin da kuke nufi yana cikin shiyyar farauta ta 6D. Ban da lasisi, baƙo yana sayen wata alama ta ƙarfe da ake maƙala wa fatar dabbar da zarar ta faɗi, sannan akwai takardar rajista da ake karɓa musamman don baƙar beyar ta wannan shiyya. Shekarar dokokin tana farawa ne ranar 1 ga Yuli, don haka ku nemi littafin shekarar da za ku je daga hukumar kula da kifi da namun daji ta jihar, kada ku dogara da tsoho.

Dokar da ta fi shafar masu kayak ita ce an hana harbin baƙar beyar daga cikin jirgin ruwa a 6D, in ban da naƙasasshen da ya samu izini na musamman. Ko da kun hango ta tana kiwo a bakin ruwa, sai kun sauka kun taka ƙasa. An kuma hana harbin 'ya'ya da uwar da take tafe da 'ya'yanta, kuma a Mayu uwa takan bar su cikin kurmi ta fito ita kaɗai, shi ya sa ake daɗewa ana kallo da madubin hangen nesa kafin a ɗaga bindiga. Bayan haka kuna da kwana 30 ku kai fata da ƙoƙon kai a buga musu hatimin hukumar, kuma dole shaidar jinsin dabbar ta kasance a jikin fatar har zuwa lokacin. Galibin ƙasar tana cikin gandun dajin gwamnati na Chugach, amma akwai filaye na 'yan asalin yankin, irin na mutanen Chenega da Tatitlek, waɗanda ba a shiga sai da izinin masu su.

Tsohon matuƙi ya amsa:

Ɗan'uwa, abin da Malam ya faɗa daidai ne. Ni kuwa zan gaya maka gaskiya cewa tsarin tashi daga Whittier da filafili, ana sauya masauki kowace rana, bai dace da wanda bai taɓa shiga teku ba, balle a haɗa shi da farauta.

A watan Mayu sanyin ruwan bai kai digiri 10 a ma'aunin Selshiyos ba. Wanda ya kife a cikinsa da tufafin gida, hannuwansa za su sandare cikin 'yan mintoci, tun kafin ya iya komawa cikin kwalekwalen. Rigar nan mai rufe jiki daga wuya zuwa ƙafa wadda ruwa ba ya shiga cikinta, da rigar ceto a kanta, wajibi ne duk lokacin da ake kan ruwa. Ku kuma gwada kifewa da sake hawa tun a gida, da kwalekwale cike da kaya, domin mai kaya da wanda babu komai a cikinsa ba ɗabi'arsu ɗaya ba. Mashigin Passage Canal, wanda Whittier yake a ƙuryarsa, ya yi suna wajen iskar da take gangarowa daga tsaunuka, kuma da shi za ku fara.

Abin da tafki bai koya muku ba shi ne cikowa da janyewar teku. A can bambancin yakan kai kusan mita 3, sau biyu a rana, wasu kwanakin ma ya wuce mita 4. Ka ɗauka kun hango namiji yana cin sabuwar ciyawa a ƙuryar wani lungu da yamma, a lokacin da ruwa ya janye. Kun jawo kwalekwale kan tsakuwa, kun lallaɓa, kun harba, kun shiga fiɗa. Fiɗar beyar da rarraba namanta ga wanda bai saba ba aikin sa'o'i ne, kuma kafin ku ɗago kai ruwa ya dawo ya ɗauke kwalekwalen tare da abincinku da na'urar kiran agaji. Idan kuma a cike kuka sauka, za ku dawo ku tarar da taɓo mai nisa tsakaninku da ruwa, ga kaya a kafaɗa. Maganin abin shi ne doguwar igiya da ake ɗaurewa a jikin itace duk lokacin da aka sauka, ko da na minti biyar ne, da jadawalin cikowar teku a aljihu. Haka tanti: a duba layin busasshen gansakukan teku mafi tsawo a gaɓa, a kafa sama da shi, musamman a kwanakin tsayuwar wata da cikarsa, lokacin da ruwa ya fi hawa.

Sai maganar nauyi, wadda a kanta ya kamata a gina shirin gaba ɗaya. Matsakaicin namiji a wannan lokaci, da yake bai daɗe da fitowa daga kwancin hunturu ba, yakan kai kilo 80 zuwa 90. Ɗanyar fata da kai, da cinyoyi da karfata da naman gadon baya, da gishirin fata, duk sai sun samu wuri a cikin kwalekwalen da tuni ya cika da tanti da abinci da bindiga. Ƙofofin ma'ajiyarsa ƙanana ne, cinya ba ta shiga sai an sarrafa ta, kuma duk abin da aka ɗaure a sama yana ƙara masa saurin kifewa. Wanda ya yi kwana uku yana tuƙi kafin ya harba, kwana uku ne a gabansa na komowa, idan iska ta bari, nama kuwa ba ya jira.

Shawarata ita ce ku yi hayar jirgi mai inji daga Whittier, cikin waɗanda sana'arsu ke nan, ya kwashe ku da kwalekwalenku da akwatunan ƙanƙara ya sauke ku a wuri mai kariya daga iska, irin su Culross Passage ko Esther Passage. Ku kafa sansani ɗaya, kayak ya zama abin zagayawa lungunan da suke kusa safe da yamma. A nan amfaninsa yake, domin ba shi da ƙara, kuma hasken rana a ƙarshen Mayu yakan kai sa'a 18. Ku guji Blackstone Bay, inda 'yan yawon buɗe ido suke da yawa, ga kuma ƙanƙarar da take ɓallowa daga tsauni ta tayar da igiyar ruwa. Waya ba ta aiki a yawancin wuraren, saboda haka ku riƙe oba-oba ta teku, wadda tasharta ta 16 ce ta neman agaji, da na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, kuma su kasance a jikin mutum, ba a cikin kwalekwale ba. Bindiga a jakar da ba ta shan ruwa, a goge ta da mai kowane dare.

Malamar lafiya ta amsa:

Malam, akwai abin da ba ka tambaya ba, amma ya kamata a yanke shi kafin a sayi tikiti, wato makomar naman. Daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Mayu doka ta wajabta kwaso naman baƙar beyar domin cin ɗan'adam. Ba a yarda a bar shi a daji ba, ba a kuma yarda a mayar da shi abincin kare ba. A wajen jumhurun malamai dabba mai fiƙa da take farauta haramun ce, mashhurin ra'ayin Malikiyya kuwa shi ne karhanci, kuma malamai sun yi magana a kan farautar da ake yi don nishaɗi kawai. Wannan tambaya ce ta kai wa malaminka. Idan ba za ku ci ba, doka ta yarda a bayar da shi kyauta da rubutacciyar shaida, sai dai a samu mai karɓa tun kafin tafiya. Sayar da maɗaciyarta kuwa laifi ne.

Duk wanda zai ci, a gaya masa cewa naman beyar yakan ɗauki tsutsar da ake kira tirikinela, kuma irin wadda take ƙasashen sanyi daskarewa ba ta kashe ta. A 2022 wasu dangi da suka taru a jihar Dakota ta Kudu sun kamu da cutar daga naman beyar da aka harbo a Kanada, duk da ya shafe sama da wata guda a daskare, saboda gashin farko bai nuna ba. Sai zafin cikinsa ya kai digiri 74 a ma'aunin Selshiyos ake ci, don haka kilishi da tsiren da bai gasu sosai ba babu su a lissafi.

A sansani, a zuba naman a buhunan yadi, a rataye nesa da tanti, ƙarƙashin tamfol da iska take ratsawa, domin yankin na ruwan sama ne. Fata kuma a kankare kitsenta tas, a juya kunnuwa da leɓɓa, a cika ta da lallausan gishiri, in ba haka ba gashin zai zube kafin ta isa hannun majemi. Idan nama kuke so ku kai gida, tsibiran yankin suna da barewar Sitka, amma lokacinta daga Agusta ne zuwa ƙarshen shekara, sa'ad da teku ya fi tsanani, kuma tsibiran Montague da Hinchinbrook mazaunin babbar beyar mai ruwan ƙasa ne.

Mazaunin Minesota ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai da wannan bayani. Abokina yana da takardar zama ta dindindin a Amurka, amma za mu tuntuɓi hukumar a rubuce domin mu tabbatar da matsayinsa. Mun karɓi shawarar jirgi mai inji da sansani ɗaya, maganar nama kuma zan kai ta inda ya dace. Saura tambaya ɗaya: kayak biyu masu ɗaukar mutum ɗaya-ɗaya, ko guda ɗaya mai ɗaukar mutum biyu?

Tsohon matuƙi ya amsa:

Masu tuƙi sun saɓa a kan wannan. Masu son kwalekwale biyu suna cewa idan ɗaya ya kife akwai mai ceto, kuma hujjarsu tana da ƙarfi ga waɗanda suka ƙware wajen ceto a cikin igiyar ruwa. A matakinku na fi son mai ɗaukar mutum biyu, musamman mai babbar ma'ajiya a tsakiya, domin ya fi faɗi, ya fi wuyar kifewa, kuma nauyin nama yana zama ƙasa a tsakiyarsa. Ku tambayi mai bayar da haya tun da wuri ko ya yarda a ɗauki nama a kwalekwalensa, domin ba kowa ne yake yarda ba. Ku ware abincin ƙarin kwanaki saboda jirgin ɗauko ku yana iya makara idan iska ta tashi, kada kuma ku sayi tikitin jirgin sama na washegarin fitowa. Hanyar mota ɗaya ce take shiga Whittier, ta cikin ramin dutse mai tsawon kusan kilomita 4 da motoci suke rabawa da jirgin ƙasa, ana buɗe shi ɓangare-ɓangare bisa jadawali, ana kuma rufe shi da dare, don haka ku daidaita lokacin haɗuwarku da mai jirgin da wannan jadawali.