Peter Gammons: ɗan jarida ne ko abokin 'yan wasa?

Na Bronx: Jama'a, yabon da ake yi wa Peter Gammons ya ishe ni. Wai shi ne uban masu rahoton wasan besbol a Amurka. Mutumin da ya zauna hira da shahararren ɗan wasan besbol Alex Rodriguez a Fabrairun 2009 yana lallaɓa shi kamar ƙwai a cokali?

Tsohon Ɗan Jarida: Ƙanena, bi a hankali. A hirar nan ta tashar wasanni ta ESPN ce Rodriguez ya amsa da bakinsa cewa ya yi amfani da ƙwayoyin ƙara kuzari daga 2001 zuwa 2003, lokacin yana ƙungiyar Texas. Wa ya sa shi faɗa?

Na Bronx: 'Yar jarida Selena Roberts ce ta sa shi, Yaya! Ita da abokin aikinta suka tona asirin a mujallar Sports Illustrated kwana biyu kafin nan. Da ruwa ya ƙare wa ɗan kada, sai ya nemi wanda ba zai matse shi ba. A cikin hirar ya yi ta ci wa matar mutunci, Gammons ko uffan.

Hajiya ta Boston: Wannan kam ya yi laifi, ba zan kare shi ba. Amma kai yaro ne, ba ka ga zamanin jaridar Boston Globe ta ranar Lahadi ba. Maigidana kan shimfiɗa ta a tebur, shayinsa ya huce bai sani ba. Shafi guda cur, ƙananan labarai jere: wa za a sayar, wane koci kujerarsa ke rawa, wane yaro ke tasowa. Ba ƙungiyar garinmu kaɗai ba, duk ƙungiyoyin gasar. Tun 1969 Gammons ya shiga jaridar, kuma salon nan nasa ne sauran jaridu suka kwaikwaya.

Na Bronx: To Hajiya, ina yake samo labaran? Ai daga manajoji da 'yan wasan da yake shiri da su. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Tsohon Ɗan Jarida: Na yi aikin nan shekaru, bari in gaya maka. Wanda ba ya ɗaukar wayarka ba zai ba ka labari ba, kuma ba ya ɗauka sai ya yarda da kai. Ka nemi rahotonsa na wasa na shida a gasar ƙarshe ta 1975, daren da ɗan wasan Boston Carlton Fisk ya raba gardama da ƙungiyar Cincinnati a zagaye na 12. Tsakar dare ya rubuta shi, injin buga jarida na jiransa. Takwarorinsa marubuta ne suka zaɓe shi aka karrama shi a Cooperstown, garin da ke da zauren tunawa da gwarazan besbol, a 2005, ba 'yan wasa ba.

Na Bronx: Iya rubutu daban, iya tambaya daban, Yaya. Turo min na 1975 ɗin in karanta. Amma maganar Roberts tana nan, ba ku amsa ta ba.

Hajiya ta Boston: Ai na amsa maka tun farko, na ce ya yi laifi.