Turanci ko Uzbek: da wane harshe za a ƙulla cinikin zabibi?

Ɗan Sabon Gari: Assalamu alaikum. Wani kamfani a Samarkand ta ƙasar Uzbekistan ya yi min tayin zabibi kwantena guda zuwa nan Zariya. Dillalinsu yana jin Turanci sama-sama, takardun da ya turo kuma da Uzbek suke. In nace a kan Turanci ne, ko in nemi tafinta?

Malamin Tudun Wada: Wa alaikumus salam, Alhaji. Duk takardar da za ta shiga banki ko kwastan ta zo da Turanci: takardar farashin da za ka buɗe Fom M (fom ɗin shigo da kaya da ake cikewa ta banki) da ita, takardar lodi, har rubutun jikin kwali, don NAFDAC sai ta ga Turanci a jikin kayan abinci. Yarjejeniya kuwa a raba shafi biyu, Uzbek a hagu, Turanci a dama, a rubuta ƙarara cewa in an samu saɓani, na Turancin za a bi. Kada ka yarda da FOB, wannan sharaɗin lodin jirgin ruwa ne, su kuwa ba su da teku, haka maƙwabtansu duka. Nemi FCA ko CIP, sharuɗɗan ciniki da suka dace da kowace irin hanyar sufuri.

Hajiyar Samaru: Alhaji, ka sa ido a kan lambobi. Su waƙafi ne ke raba cikakken kuɗi da canji, dubbai kuma sarari suke bari: 12 500,75. A tsarinsu 1,250 ɗaya da kwata ne, ba dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin ba. A rubuta jimillar da kalmomi ma.

Sai suna. Tun 1993 suka koma baƙaƙen Latin, amma har gobe ana amfani da irin na Rasha, shi ya sa za ka ga Buxoro a nan, Bukhara a can (garin Imam Bukhari ke nan). Kamfani ɗaya na iya fitowa da MChJ, OOO ko LLC a jikin sunansa, duk kamar "Limited" ne a wurinmu. In sunan da ke takardar farashi ya saɓa da na asusu, banki na iya riƙe kuɗin. Su turo maka shi yadda bankinsu ya rubuta, harafi da harafi.

Malamin Tudun Wada: Gaskiyar Hajiya. Tafinta kuma a samu mai Rashanci, don manyan 'yan kasuwarsu da yawa sun fi sakewa da shi fiye da Turanci. Uzbek na gaisuwa ne da neman ragi: ka ce "siz" ga babba, "sen" na yara ne da abokai. Telegram suka fi dubawa, kuma suna gabanmu da awa 4, ka gama magana da su kafin azahar.