Neman kalmar Hausa: "dogaro da kai" ba ta ɗauke entrepreneurship ba

Assalamu alaikum jama'a. Kalma ɗaya nake neman ku taya ni: entrepreneurship. Tun wajen 2007 aka wajabta darasinta a jami'o'in Najeriya, hukumar SMEDAN mai kula da ƙanana da matsakaitan sana'o'i kuwa tun 2003 take. Amma har yau in an zo faɗinta da Hausa, a rediyo ko a taron matasa, sai a ce "dogaro da kai", ko "koyon sana'a", ko a ce "kasuwanci" a wuce. Duk ukun ba su gamsar da ni ba, ta farkon ce ma ta fi damuna.

Dogaro da kai zance ne na mutum ɗaya da bakin iyalinsa. Mai faci a bakin titi ya dogara da kansa, Allah ya yi wa nemansa albarka, babu raini a ciki. Sai dai abin da masana tattalin arziki ke nufi, wanda suke cewa shi ke ɗaga yanki guda, ya zarce nan. Mutum ne zai hango wata buƙata ko wata hanya da ba a bi ba, ya haɗa jari da ma'aikata da kayan aiki, ya ɗora kasadar asara a wuyansa, ya tsayar da abin da wasu za su ci abinci a cikinsa. In muka ce wa matashi "dogaro da kai", mun rage masa buri tun bai fara ba. Ya samu keken ɗinki ɗaya, a ganinsa an gama.

Ku duba Alhassan Ɗantata. An haife shi a Bebeji a 1877, cikin Agalawa, ya tashi a fataucin goro zuwa Gwanja kamar iyayensa. Inda ya sha bamban shi ne ya koma ɗora goro a jirgin ruwa daga Akra zuwa Legas, maimakon watannin da ayari ke yi a ƙasa. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, auduga Turawa suka sa rai za su kwasa. Fataken Kano kuwa suka juya yaransu da amanar da suka gina a harkar goro zuwa sayen gyaɗa ƙauye-ƙauye, suna ba manoma kuɗi da kaya tun kafin kaka. Daga nan dalar gyaɗa ta tashi, manomi ya samu, mai jaki da mai raƙumi suka samu, ɗan dako da mai ɗinkin buhu suka samu. Ɗantata ya rasu a 1955 yana cikin waɗanda suka fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. Wannan aikin fa, me sunansa da Hausa?

Dattijo daga Fagge: Wa alaikumus salam ɗana. Ai kalmar tana nan, kun bar ta ne. Madugu. Shi ya san hanya, shi ke ciniki da sarakunan da za a ratsa ƙasarsu kan kuɗin fito, shi ke cewa a sauka a zango kaza, in ayari ya halaka sunansa ne ya ɓaci. Ɗaruruwan mutane na cin abinci a bayansa. Madugu uban tafiya. Ku ce maduganci.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma. Wallahi kalmar ta yi mini daɗi, kuma ta kama kasada da jagoranci duka biyun. Abu biyu ne suka tsaya mini. Siyasa ta riga mu ɗauka: yau in ka ce madugu, "madugun 'yan adawa" kunne ke jira. Sannan madugu tafiya yake ja, ayari ya isa Salaga ta ƙasar Gwanja ya dawo, a watse sai wata shekara. Ni abin da nake nema wanda ke zama ne a wuri ɗaya, gari ya ginu a gefensa.

Malamar kwaleji daga Zariya: Malam, ni a aji "ƙirƙirar sana'a" nake cewa. Asalin kalmar daga Faransanci ta shiga Turanci, ma'anarta ɗaukar wani aiki a ka. Masanin tattalin arziki Richard Cantillon, a rubutunsa da aka buga a 1755, ya ce mai yin wannan aiki shi ne mai saye a farashin da ya sani, ya sayar a farashin da bai sani ba. Daga baya wani masanin, Joseph Schumpeter, ya ɗora nauyin a kan sabon abu: sabon kaya, sabuwar hanyar yi, sabuwar kasuwa. Saboda wannan sabuntar na zaɓi ƙirƙira. Masu Swahili kuwa ɓangaren ƙarfin hali suka kama, suka ce ujasiriamali.

Amsa: Malama, na gode, kin kawo mu kusa. Damuwata da ƙirƙira ita ce tana sa mutum ya zaci sai ya fito da abin da duniya ba ta taɓa gani ba. Ɗantata bai ƙirƙiri gyaɗa ba, bai ƙirƙiri jirgi ba. Haɗa su ya yi. Yawancin waɗanda ke raya garuruwanmu haka suke, abin da ake yi a wani wuri suke kawowa inda babu.

Mai injin casa daga Kura: Yallaɓai ku yi haƙuri in sa baki, ni ba ɗan boko ba ne. Mu nan ba ma cewa ko ɗaya cikin waɗannan. Cewa muke "wane ya kafa inji". Ruwan madatsar Tiga, da aka gina zamanin Audu Baƙo, shi ya kawo noman rani wannan yanki, amma ruwa kaɗai bai mai da Kura kasuwar shinkafa ba. Sai da mutane suka sayar da gona ko shanu suka kafa injuna. Inji ɗaya ka ƙirga masu ci a jikinsa: matan da ke turara shanshera a gida, masu kawo musu itace, masu shanya, leburori, bakanike, mai walda, direba, mai sayar da buhu, har mai tuwon da ke kafa tukunya a bakin wurin. Ranar da inji ya tsaya, unguwa guda ce ke kwana da yunwa. Ranar da aka rufe iyaka a 2019 shinkafar gida ta yi daraja, wanda ya riga ya kafa shi ya ci moriya, kuma wasu da yawa suka shigo.

Amsa: Alhaji, ai kai ka raba gardamar. Kafa. Muna cewa an kafa gari, an kafa kasuwa, an kafa makaranta. Duk abin da aka kafa yana tsayawa ko mai shi ba ya nan, kuma ba don mutum ɗaya ake kafa shi ba. Sannan kalmar tana tilasta tambayar da ta fi kowace muhimmanci ga arzikin yanki: a ina aka kafa? Aliko Ɗangote ɗan Kano ne, jinin gidan Ɗantata, amma matatar mansa mai ɗaukar ganga 650,000 a rana tana Lekki a Legas, babban kamfanin simintinsa yana Obajana a Kogi. Albashi da haraji da haya da cinikin mai abinci, can suke sauka. Simintin BUA na Kalambaina kuwa Sakkwato ke jin ɗuminsa. Garin da aka haifi attajiri yana samun suna da zakka, garin da ya kafa a ciki shi ke samun aiki. Don haka ga shawarata: kafa sana'a, mai yi kuma mai kafa sana'a.

Wani ɗan'uwa daga Maraɗi: Yaya, kafa ɗin na yarda. Sana'a ce ban yarda ba. A kunnena sana'a ita ce ƙira da jima da dukanci da fawa, abin da ake gada. Alhazan Maraɗi da suka ɗaga garinmu, da gyaɗa suka fara, suka koma shige da ficen kaya tsakaninmu da Katsina da Kano. Ba su ƙera komai ba, amma su suka gina garin. Me zai hana a ce kafa kasuwanci?

Amsa: Ƙanena, hujjarka mai ƙarfi ce, ban kuma cire alhazai daga ciki ba. Wanda ya buɗe hanyar fitar da riɗi ko zoɓo daga kasuwar Dawanau zuwa ƙetare, ya ɗauki mata suna tsincewa da tankaɗe, ya sa manomin Jigawa ya ƙara faɗin gona, wannan ya kafa, ko da bai da masana'anta. Amma gwada wannan a bakinka. Za ka iya cewa "sana'arsa fatauci ce", ba wanda zai ɗaga gira. Ba za ka ce "kasuwancinsa ƙira ce" ba. Ke nan sana'a ta haɗiye kasuwanci, kasuwanci bai haɗiye sana'a ba. Daga tushenta ma masana'anta ta fito.

Akwai kuma dalilin da ya fi wannan ci mini rai. Lokacin da Heinrich Barth, matafiyi ɗan Jamus, ya zo Kano a 1851, tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano ya tarar ana kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. A ƙarnin da ya wuce Kaduna ta zama garin masaƙu tun daga 1957, Kano na da Bompai da Sharaɗa da Challawa. Rashin wutar lantarki da kwararar kayan waje suka durƙusar da mafi yawansu. Yau Kantin Kwari cike take maƙil, ana zuwa sari daga Nijar da Chadi da Kamaru, amma akasarin atamfar daga Sin ake sauke ta. Kasuwanci bai mutu ba, yana ma bunƙasa. Abin da ya mutu shi ne aikin manomin auduga a Funtuwa, da mai gurza, da masaƙi, da marini. In muka kira darasin nan kasuwanci kawai, yaro zai fita da tunanin ina zan saro, ba me zan kafa ba. Ina son kalmar da za ta bar masa ƙofar masana'anta a buɗe.

Hajiya daga Gusau: Malam, mu fa? Ina matsar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a cikin gida, da kuɗin adashi na fara, yanzu matan maƙwabta na zuwa aiki ina biyansu. Ina ciki ko sai mai kamfani?

Amsa: Hajiya, kina tsakiya ma. Ranar da kika fara biyan wata ladan aiki, kika ɗauki asarar in mai ya yi kwantai, ranar kika tashi daga dogaro da kai kika koma kafawa. Kin ma tuna mini wata fa'ida: "mai kafa sana'a" ba ta ware mace ko namiji, madugu kuwa namiji ne.

Malamar Zariya: Na karɓa, da gyara ɗaya. Kada wani ya ce zai gajarta ta a sigar maƙeri da marini, domin "makafi" zai fito, ma'ana ta tafi wani wuri. A bar ta mai kafa sana'a, masu kafa sana'a. Na gwada ta a jimla: "Masu kafa sana'a ne ke bunƙasa arzikin yanki." Ta zauna. Darasin kuma Darasin Kafa Sana'a, ya rabu da Koyon Sana'a, wanda shi horon hannu ne.

Dattijon Fagge: To, ku rubuta taku a takarda. Amma ranar da za a yi wa irin waɗannan mutane kirari, madugu za a ce.

Amsa: Mun yarda Baba, kirari naka ne. Ƙanena na Maraɗi, in har yanzu sana'a na yi maka ƙaiƙayi, gwada ta a kasuwa wurin alhazai ka dawo mana da abin da suka ce. Saura kuma sunan sana'ar da aka kafa jiya-jiya, wadda ba ta tsaya da ƙafarta ba, irin ta yaran da ke rubuta manhaja. Mai shawara ya kawo.