Wai harkar shirya taruka sana'a ce ta gaske ko ɓarnar kuɗi ce kawai?

Mai_Neman_Sani:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu sani ku fahimtar dani wani abu. Kullum sai kaji ana cewa harkar shirya taruka, su baje koli da manyan tarukan ƙasa da ƙasa da wasanni, wai tana ɗaga tattalin arziki, har ƙasashe na rige-rigen karɓar baƙuncinsu. Ni kuma abinda nake gani mutane ne sun taru kwana uku sun ci sun sha sun ɗau hoto an watse. To ina arzikin yake? Ƙanwata ce take son shiga harkar gadan-gadan shi yasa nake son sanin gaskiya kafin in bata shawara.

Mai_Haɗa_Sauti:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa kwana ukun da kake gani ai ƙarshen aikin ne, wani taron tun ana saura shekara guda ake fara shirinsa. Ni aikina haɗa lasifika da fitilu, da zaka shigo zaure a daren jajibirin taro da baka sake wannan tambayar ba. Kafintoci na buga rumfuna, masu wuta na jan waya suna manne ta a ƙasa da salatif dan kar wani ya yi tuntuɓe, masu ɗab'i na kawo allunan talla da katin wuya, ga masu jera kujeru ga masu shara ga masu gadi, can gefe ana haɗa ɗan akwatin gilashin da tafintoci ke zama su biyu-biyu suna karɓar juna duk bayan kamar rabin awa saboda aikin na cin ƙwaƙwalwa. Duk waɗannan mutanen da wannan aikin suke ciyar da iyalansu, kuma ko ɗaya baya fitowa a hoto.

Baƙon da yazo kuma ya sayi tikitin jirgi, ya kama ɗaki a otal, ya hau tasi, ya ci abinci, ya yi wa yara tsaraba. Kuɗin waje ne ya shigo gari ya rarrabu hannu da yawa.

In kana son ganin girman abin ka tuna lokacin korona. A Fabrairun 2020 aka soke babban taron wayoyin hannu na birnin Barcelona ta Spain, wanda ake kira MWC, taron da mutum sama da 100,000 suka halarta a 2019. Kamfanonin waya basu rushe ba, amma direbobin tasi da ma'aikatan otal da irinmu masu aikin kwangila da muke cin abinci daga taro zuwa taro mu muka ji a jikinmu, dan daga nan sai sokewa ta biyo sokewa a duk duniya. Wallahi akwai ƙwararrun da suka bar sana'ar a lokacin har yau basu dawo ba.

Ɗan_Lissafi:
Malam mai sauti ya faɗi gaskiya, amma ni ina ganin mai tambaya ma yana da hujja, kar mu rufe masa baki. Akwai taron da yake kawo arziki akwai wanda yake barin bashi. Birnin Montreal na Kanada ya karɓi gasar Olamfik a 1976, bashin ginin filin wasa sai a 2006 aka gama biyansa, shekara 30 kenan ana biya da kuɗin haraji. Athens ta ƙasar Girka ta yi nata a 2004, wasu filayen da aka gina mata, daga baya ciyawa ce ta cinye su dan babu mai amfani dasu. Los Angeles ta Amurka kuwa a 1984 riba ta ci, dalili kuwa yawancin wuraren wasan dama tana dasu, bata tsaya gine-ginen burga ba.

Sannan alƙaluman da masu neman karɓar baƙuncin taro ke fitarwa a riƙa tauna su kafin a haɗiye. Sai su tara duk kuɗin da aka kashe suce ga abinda gari ya samu, alhali ɗan gari da ya sayi tikiti dama kuɗin a garin zai kashe su ko ba taro, wuri kawai suka canza. Ribar babban otal ko kamfanin jirgi kuma sau da yawa ƙasar masu shi take tafiya. Ga baƙin da suka fasa zuwa saboda tsoron cunkoso da tsadar ɗaki, su ba a saka su a lissafi. Abinda nafi yarda dashi shine taron da ake maimaitawa duk shekara a zauren da dama yana nan, shi ne yake riƙe ma'aikata, ba na sati biyu da za'a gina masa gari guda ba.

Hajiya_'Yar_Kasuwa:
Duk kuna ta lissafin otal da tasi, ni kuwa a ganina babban amfanin yana cikin abinda ake ƙullawa a wurin, wanda baya shiga wannan lissafin naku. Ku duba baje kolin Canton da ake yi a Guangzhou ta China, tun 1957 ake yinsa sau biyu a shekara. A 2020 sun mayar dashi intanet dole, amma da aka samu sarari mutane suka koma da ƙafarsu. Me yasa? Saboda hoto baya gaya maka nauyin kaya. Ni in na tsaya a rumfa sai na ɗaga samfur na juya shi, na ja ɗinkin naga ko zai buɗe, na kalli idon mai kamfanin lokacin da nake tambayarsa yaushe kaya zasu iso, daga yadda ya amsa nake gane ko zan iya ba shi kuɗina. Yarda kenan, kuma ita take sa odar da aka fara a rumfa ta zama cinikin shekara da shekaru.

Haka likitoci da malaman jami'a, abinda suke ƙaruwa dashi a hirar bakin zaure lokacin hutu wani sa'in yafi na cikin lacca, ƙaramin ɗalibi ya tari babban farfesa ya yi masa tambaya kai tsaye, a Zoom ina zai samu wannan damar? Sannan mutanen da basu taɓa zama inuwa ɗaya ba, harshe daban addini daban, su yini tare suna aiki ɗaya, wannan ma ba ƙaramin abu bane a duniyar da kowa ya duƙufa kan wayarsa.

Mai_Neman_Sani:
Nagode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Kenan in barta ta shiga? Ta ina ya kamata ta fara?

Mai_Haɗa_Sauti:
Ka barta, amma ta fara bin wani ƙwararre tukuna ta ga yadda ake yi, kar ta buɗe kamfani rana ɗaya. Abinda yake karya sabbin shiga ba rashin iya ƙawata wuri bane, kuɗi ne, dan masu zaure da masu kaya kafin taro suke son a biya su, mai taron kuma sai bayan an watse yake jan ƙafa, ni kaina akwai wanda ya riƙe min kuɗi wata da watanni alhali na riga na sallami yarana daga aljihuna. Saboda haka ta riƙa karɓar kafin alƙalami, komai a rubuce a sa hannu, har da wanda zai ɗauki asara in an soke taro. Ta kuma koyi harkar tsaron jama'a da kyau, zaure mutum nawa yake ɗauka, ƙofofin fita nawa ne kuma a buɗe suke ko an jera musu kujeru, ina masu agajin gaggawa zasu tsaya. In tana da hali ta nemi inshora tun daga taronta na farko.